Injin da Ya Yi Wata Biyar a Falona

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa a gaban jama'a: ni Alhaji Seidu, da furfurata da gemuna, na sayi injin ɗumama gida tun ban tambayi kowa ko bututun gas ya biyo ta hanyarmu ba. Na biya kuɗinsa, na nemo ƙarti uku suka ɗora shi a akori-kura, muka shigo da shi falo. Wata biyar ya yi a nan, yana kallonmu muna kallonsa. Iyakar abin da ya taɓa tafasawa zuciyar matata ce.

Karatuna bai yi nisa ba. Aji uku na yi a boko a Kumasi, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Goro na sayar har na kusa shekara arba'in, sannan na tsinci kaina a Greensboro ta Amurka da jaka ɗaya da takalmin soso.

Masaukina na farko a High Point Road ne, wadda yanzu suke kira Gate City Boulevard. Mu biyar a ɗaki biyu, duk 'yan zango. Ɗaya daga cikinsu ya karɓi ladan wahalarsa a hannuna wai zai samo mini aikin lodin kujeru a tirela. Sai da na fara aikin na gane cewa duk mai hannu biyu ɗauka suke yi. Ban riƙe shi a zuciya ba, don ni ma na taɓa sa goron jiya a ƙasan kwando. Sanyin farko kuwa, na fita jiran bas ba safar hannu, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Direbar bas ɗin, wata baƙar mata mai jiki, ta dube ni sau ɗaya ta cire tata safar ta miƙo mini. Ruwan hoda ce, har da fure. Shekara biyu ina sa ta, duk mai dariya ya yi.

A wancan gidan, in ka ji sanyi sai ka taɓa wani ɗan akwati a bango, iska mai ɗumi ta fito. Shekara goma sha ɗaya ina taɓa shi, ban taɓa tambayar daga ina ɗumin yake zuwa ba. Hankalina na wurin koko da ƙosai na safe, da kiran sallar masallacin unguwarmu, da matata Hajiya Memuna da 'yarmu Adiza da na baro a gida.

Da Allah ya yi suka zo, Hajiya ba ta yi wata guda ba ta zama kamar a nan aka haife ta. Ƙasanmu wata mutuniyar Nima, samanmu wata ta Tamale, duk mutanenmu na Ghana. Ranar Asabar tukunyar wake da shinkafa ba ta sauka daga wuta, yau suna gobe adashi, kantin kayan gida kuma da ƙafa take zuwa. Shekara tara muka yi a haka. Ni kuma na bar lodin kujeru na koma yankan ciyawa a Irving Park, unguwar masu hali, inda kare ma yake da likitansa.

Yankan ciyawar mutane ne ya sa mini kwaɗayin tawa ƙasar. Na sami wani tsohon gida a Pleasant Garden, kudu da gari, da fili a baya wanda zai ɗauki kuɓewa da masara har da gauta. A watan Yuni na gan shi, rana na dukan kai. Na duba rufi, na duba rijiya, na damƙi ƙasar na shinshina. Zancen sanyi ko a mafarki bai zo mini ba. Hajiya ta tsaya a bakin hanya ta dubi gabas ta dubi yamma, ta ce, “Malam, ina maƙwabtan?” Na nuna mata wani rufi can bayan itatuwa.

Sanyi na zuwa gidan ya nuna halinsa. Wasu dogayen hitoci na lantarki ne a gindin bango, masu ƙaurin ƙura, suna ɗumama ƙafar kujera su bar mutum. Takardar kuɗin wuta ta watan Janairu da ta zo, sai da na zauna kafin in ƙarasa dubawa. Na rufe ɗakuna biyu, na kashe hitocin falo, muka tare a ɗaki ɗaya. Gwiwoyin Hajiya suka kumbura, har salla ta koma yi a kan kujera. Ba ta tuƙi, babu inda za ta taka. Ranar da sanyin ya fara sauƙi ta sa na sauko mata da babban akwatinta daga saman kabad, ta ajiye shi a bakin ƙofar ɗaki.

Ta ce, “Malam, ba faɗa nake yi ba. In sanyi mai zuwa ya same ni a haka, Kumasi zan koma. Ɗakina na nan a gidanmu.”

Hajiya ba ta maimaita magana. Duk sati sai in ga ta ninke zane ɗaya ta sa a ciki.

To, ku da kuka san gida kun san yadda muke gini. Ba mai tara kuɗin gida gaba ɗaya. Bana ka buga bulo ka jera, baɗi ka sayi kwano ka ɓoye ƙarƙashin gado, in ka ga ƙofa mai araha ka saya ko da ba a haƙa tushe ba. In kaya sun cika ka kira birkila ku yi cinikin kuɗin aiki. Haka na gina ɗaki biyu a Aboabo, can Kumasi, ina nan Amurka, ta waya. Da abokan aiki suka ce mini gas ya fi lantarki sauƙin kuɗi, sai na ce shi ke nan, a fara tara kaya.

A watan Yuli ana gyaran wani ƙaton gida a Irving Park, kusa da inda muke yanka. Na ga an fito da inji an ajiye a bakin gareji, ya kusa kai tsawona. Mai kwashe tarkacen, wani oburoni, wato Bature, mai jan gemu, ya ce lafiyarsa lau, masu gidan ne kawai kuɗi ya yi musu yawa. Ya ce dala ɗari tara. Na yi dariya, na juya, na yi taku huɗu, ya kira ni. A ɗari biyar muka tsaya. Ranar ji nake duk Amurka babu mai wayona. Injin da ya ɗumama gida mai ɗaki bakwai, ina ga nawa mai uku?

Bai shiga ƙofar rumbun baya ba, ga shi ina tsoron ruwan sama, shi ya sa ya sauka a falo. Hajiya ta zagaya shi sau ɗaya, ta ɗauko ƙyallen tebur mai leshi ta yafa masa. Daga ranar sunansa ya zama baƙona. “Malam, baƙonka zai ci tuwo?” “Malam, ka matsa wa baƙonka zan yi shara.”

Adiza, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce tana da gidan hayarta a Gate City Boulevard, ita ta kira kamfanin gas. Ina yi mata Hausa tana amsa mini da Turanci, kamar kullum, amma ranar da Hausa ta gaya mini don kada in ce ban gane ba.

“Baba, bututunsu bai zo nan ba. Can nesa ya tsaya. In kana so su jawo shi, kai za ka biya, ƙafa-ƙafa ake aunawa.”

“To mutanen nan da me suke ɗumi?”

“Tanki ake ajiye musu a bayan gida, mota ta riƙa zuwa tana cikawa. Kuma gas ɗin tanki daban yake da na bututu. Injinka na bututu ne.”

Na ce gas ai gas ne. Ta dubi uwarta, uwarta ta dubi baƙona.

Adiza ta ce sai mun ji farashi daga wuri uku. Na farko ya zo da farar mota da takalmin leda da ya sa a kan nasa don kada ya ɓata mana daɓe. Ya ɗaga leshin, ya leƙa, ya mayar da shi a hankali kamar mai rufe gawa. Ya ce ba sa haɗa injin da ba su suka kawo ba. Ya rubuta lamba ɗaya a takarda, dala dubu goma sha shida, komai da komai. Na ce ya cire kuɗin kaya ya gaya mini na aiki kawai. Ya ce ba a haka suke yi ba. Sai na taya dubu takwas, na tashi na shiga kicin, ina jiran ya kira ni. Ina tsaye ina kallon tukunya na ji tashin mota. Na ce wa Hajiya, “Bar shi, zai bugo.” Sati uku ina ajiye waya kusa da kwanon abinci.

Na biyu bai yi nisa da na farko ba. Na uku wani ne da aka ce mini yana aiki da araha. Ya ce zai haɗa mini baƙona a kwana biyu, ba sai an nemi takardar izini ba, ba sai sufeto ya zo ba. Wallahi na so. Adiza ta ce in na yarda, ranar za ta kwashe uwarta, kuma in gidan ya kama wuta inshora ko sisi ba za su biya ba.

Ina wannan jeka-ka-dawo ganye ya zube. Da na haƙura na kira mai farar mota da kaina, suka ce layi ya kai ƙarshen Janairu. A tsakiyar Nuwamba Hajiya ta koma wurin Adiza da ƙaramar jaka. Babban akwatin ta bar shi a bakin ƙofa, ya kusa cika. Adiza ta ce ta duba tikiti, bayan sabuwar shekara yake sauƙi. Na rage daga ni sai baƙona.

Wata Asabar na shiga kantin kayan gida in sayi garin tuwo, don tuƙin tuwo ya dawo kaina. A layin doya na ji wani dattijo yana faɗa a waya da Hausa: “Na ce maka kada ka kunna sai na zo na gwada bututun!” Gajere ne, mai sanƙo, da rigar aiki shuɗiya. Na jira ya gama na yi masa sallama. Sunansa Malam Istifanus, mutumin Filato, dattijon coci, shekara ashirin yana aikin ɗumama gidaje da sanyaya su. Na ba shi labari a tsaye, na rage wasu wuraren. Ya ce, “Alhaji, gaya mini wanda ka ɓoye.” Na gaya masa. Ya yi dariya har ya dafa buhun shinkafa.

“Ku mutanen Ghana! Dafa-dukarku ba ta isa ba, sai kun haɗa da wannan?”

“Ka zo ka duba mini, in ya so ka zagi shinkafar daga baya.”

Ya zo Litinin da rana. Bai ko kalli baƙona ba da farko. Ya fito da tef ya auna kowane ɗaki, ya ƙirga tagogi, ya sa bayan hannu a gefensu yana jin iska. Ya hau saman silin. Ya sa wata doguwar riga ya rarrafa ƙarƙashin gidan, inda ni mai gidan ban taɓa leƙawa ba, ya fito da yanar gizo-gizo a sanƙonsa.

Ya ce, “Gida ake fara aunawa, Alhaji, sannan a nemo masa inji daidai shi. Wannan naka ya yi wa gidan nan girma sau biyu. Zai taso kamar hadari ya mutu, ya taso ya mutu, gas na ƙonewa, ƙafarku na sanyi.”

“Yawa ai ba laifi ba ne.”

“Zo ka ga laifin.”

Ya kwance murfin injin, ya zura tocila, ya kama kaina ya saita. Can ciki na ga wata 'yar tsaga a ƙarfen, ba ta fi gashin gemuna kauri ba.

“Ta nan hayaƙi zai bi ya shiga iskar da kuke shaƙa. Ba shi da wari, ba shi da launi. Barci kawai za ku ji. Da wancan mai arahar ya haɗa maka, da yanzu ana rabon gumba a zango.”

Na ɗauko leshin da kaina na mayar.

Muka zauna a teburin kicin na dafa masa shayi. Abin da sauran suka ƙi yi mini shi ya yi: ya raba mini lissafin kashi-kashi a bayan wata ambulan. Ga kuɗin sabon inji ƙarami. Ga na bututan iska da za a bi da su ƙarƙashin gida zuwa kowane ɗaki, su ne ma suka fi cin kuɗi, don gidan ba shi da ko ɗaya. Ga mafitar hayaƙi, ga ɗan akwatin bango, ga abin da ke yin ƙara in hayaƙi ya ɓalle. Tanki kuma haya za mu yi daga masu kawo gas, ba saye ba. Ga takardar izini. Ga kuɗin aiki. Da na gan su a jere kamar bulo da kwano da siminti, sai hankalina ya kwanta, ko da yake jimlar ba ta yi nisa da ta mai farar mota ba.

Na ce, “To yanzu a rage.”

“Ba goro ba ne.”

“Komai goro ne in an zauna.”

Ya kurɓi shayi ya ce, “Akwai inda za a rage, amma da guminka. Ramin bututu daga tanki zuwa bango, kai za ka haƙa, bayan an zo an shata inda wayoyi suke a ƙasa. Audugar rufi mai riƙe ɗumi kai za ka shimfiɗa a silin, ka toshe bakin tagogin nan. Ɗakunan baya biyu kuma a bar su bana. Zan bar musu baki a toshe, baɗi in ka sami hali a ja musu. Ba haka kuke gini ba?”

Abin ya sauko dubu goma sha ɗaya da 'yan kai. Na taya goma. Ya ninke ambulan zai sa a aljihu, na riƙe hannunsa. Wannan karon ban shiga kicin ba, da ma a kicin muke.

Na gaya masa zancen akwati. Ya duba littafinsa, ya ce layinsa ma ya cika, amma akwai kwana uku kafin Kirsimeti da ya ware don gyaran ɗakin taron cocinsu. Zai roƙi 'yan'uwa su ɗaga masa.

“Me zan ce musu?” in ji shi. “Zan ce wani Alhaji ne matarsa za ta gudu.”

“Ka ce musu ciyawar coci ta baɗi a wuyana take.”

“Wannan kam za su ji.”

Kwana shida na yi ina haƙa ramin nan, da jar ƙasa mai kama shebur kamar tuwon jiya. Audugar rufi ta sa na yi sati ina susa. Aka kawo tanki fari aka girke inda ya auna, nesa da bango, daidai kan wurin da na so in sa gauta. Istifanus da abokin aikinsa suka yi kwana uku suna rarrafe. Sufeto ya zo, wata mata ce mai gilashi, ta duba matsin bututu, ta leƙa mafitar hayaƙi, ta sa hannu. Baƙona kuwa masu sayen tsohon ƙarfe suka ɗauke shi. Abin da suka ba ni kaji biyu ya saya. Inda ya zauna a falo har yau akwai shatinsa a daɓe.

Sabon injin ko rabin wancan bai kai ba, yana cikin wani ɗan lungu kusa da kicin, ba a ma jin motsinsa. Yanzu ɗakunan baya ma an ja musu. Na yanka ciyawar coci damina guda, matan cocin suna aiko mini da ruwan sanyi da gwate. Duk Asabar kuma, ko da me nake yi a gona, ina ajiyewa in kai Hajiya Gate City Boulevard tun hantsi, in zauna a mota ko a kanti har ta gama da mutanenta. Abokaina suna cewa tsufa ya sa na zama direban mata. Ban gaya musu dalili ba.

Ranar da aka kunna, na je na ɗauko Hajiya bayan azahar. Ta shigo da rigar sanyi biyu da safa. Ta tsaya a falo, ta dubi shatin da ke daɓe. Ta cire safar, ta taka ta tsaya a kan ragar ƙarfen da iska ke fitowa, gefen zanenta yana motsi. Ta daɗe a nan. Sannan ta yi la'asar a kan darduma, da sujada, ba kujera.

Ina zaune a bakin gado ina yi kamar ina gyara agogo, ta jawo akwatin ta buɗe. Ta fara fito da zannuwan ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa kabad. Don in cike shirun sai na shiga ba ta labarin Istifanus, yadda ya ce gida ake fara aunawa, yadda wancan injin na babban gida ne, ba zai taɓa zama daidai a nan ba ko da lafiyarsa ƙalau. Ina ta zuba kamar ni na gano.

Ba ta ɗago ba. Ta karkaɗe wani zane, ta ninke shi, ta ce:

“Ni ma daga gida mai mutane ka ɗauko ni, Malam, ka kawo ka ajiye. Wa ka kira ya auna?”